Alluran da Yaya Babba Ta Fasa

Ko takalmi ba ta gama sawa ba Yaya Babba ta tare mata ƙofar ɗaki da kofi a hannu. Abin da ke cikin kofin baƙi ne wuluk, mai kauri, warinsa kaɗai ya isa ya tayar wa mutum da zuciya.

"Shanye shi tas, kar ki rage ko ɗigo! Matan da suka fi ki taurin mahaifa sun sha wannan sun haihu. Ke dai ban san irin taki ba."

Malama ta karɓa da hannu biyu ta ce, "To, Yaya." Ta runtse ido ta kafa kai. Ɗacin ya ratsa ta har ƙwaƙwalwa, amma ba ta sauke kofin ba sai da ta ga gindinsa. Ta yi godiya, ta ɗauki jakarta ta fita. Sai da ta sha kwanar layinsu sannan ta durƙusa a bakin kwata ta amayar da shi, ta kurkure baki da ruwan gorarta, ta share hawaye da bakin mayafi, ta tsayar da abin hawa zuwa wurin aiki. Haka safiyarta take tun shekara ta biyu da aurenta, ga shi yanzu an haura biyar.

Marainiya ce, ba ta san uwa ba, ba ta san uba ba, ƙanwar mahaifinta da take kira Gwaggo ita ta raine ta da kuɗin ɗinki. Aikinta koyarwa a makarantar ƙananan yara, irin waɗanda ake share wa majina, a ɗaura musu igiyar takalmi, a rarrashe su idan uwa ta juya baya. Su ne suka laƙaba mata Malama, sunan ya bi ta har gidan miji. Mijin kuwa Mai Burodi ake ce masa, don tun yana saurayi yake tsaye a bakin tanda a wani babban gidan burodi. Mutum ne mai sanyin hali, ba ya faɗa, ba ya zagi, sai dai kuma ba ya iya tare wa kowa faɗa. Gidansu na gado ne. Inna, mahaifiyarsa, tana ɗakin tsakiya, su kuma suna da ɗaki da falo a can ƙurya. Yaya Babba, yayarsa, tun da aurenta ya mutu ta dawo gida da 'yarta guda, ta buɗe shago a ƙofar gida tana sayar da haɗe-haɗen maganin haihuwa a jarkoki. Mata har layi suke yi. Abin da ke ci mata rai ke nan: a ce a cikin gidan mai maganin haihuwa akwai macen da ba ta taɓa ko ɓatan wata ba! Juya take kiranta, a gaban baƙi ma ba ta fasawa.

Malama ta daɗe tana roƙon mijinta su je asibiti kafin ya yarda, shi ma da sharaɗin kada kowa ya ji. Ɗakin jiran cike yake da mata a kan kujerun roba, maza ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, kowannensu ya sunkuyar da kai a kan waya kamar an kamo shi da laifi. Aka ɗebi jininta, aka yi mata hoton ciki, aka ɗura mata wani ruwa ta ƙasa aka ɗauki hoton bututun mahaifa, wanda ya sa ta kwana biyu tana tafiya a duƙe. Shi kuwa 'yar kwalba kawai aka ba shi aka nuna masa wani ɗaki. Da sakamako ya fito, likitar, wata dattijuwa mai gilashi da ba ta iya kwana-kwana ba, ta zaunar da su ta rufe ƙofa.

"Ke Malama lafiyarki ƙalau. Kina yin ƙwai kowane wata, bututunki duka biyu a buɗe suke." Ta juya ga mijin. "Matsalar a wajenka take, Malam. Ƙwayoyin haihuwarka ba su da yawa, waɗanda ake da su kuma ba sa motsi yadda ya kamata. Jijiyoyin marainanka sun kumbura, zafin tandar nan kuma ba ya taimakonka. Ba kai kaɗai ba ne, maza da yawa haka suke, zuwa ne ba sa yi. Kuma akwai abin yi. Za mu fara da ɗan ƙaramin aiki a jijiyoyin, ka kuma nemi a ɗauke ka daga bakin wuta. In hakan bai wadatar ba, sai mu tace maniyyinka mu sa mata shi a mahaifa da siririn bututu a ranar da ƙwanta ya nuna. In shi ma bai yi ba, akwai dashen ƙwai: a ciro ƙwayayenta, a haɗa da naka a ɗakin gwaji, a mayar mata. Sai dai in gaya muku gaskiya, wahalar wannan na ƙarshen a jikinta za ta ƙare, kuma ba kullum yake kamawa ba. Mu namu ƙoƙari ne, bayarwa ta Allah ce."

Suka fito daga ofishin likitar. Sai a wurin ajiye motoci, a ƙarƙashin wata bishiya, ya zauna a kan dakali ya rufe fuska da tafukansa. Ba ta taɓa ganin kukansa ba sai ranar.

"Malama... ki rufa min asiri don Allah. In Yaya ta ji wannan, gari ya ji. Da wane ido zan dubi mutane?"

Ta zauna kusa da shi ta ce, "Maigida, asirinka ai nawa ne. Na yi maka alkawari, daga bakina ba wanda zai ji."

Aka yi masa aikin, aka ce wa mutanen gida ƙaba ce. Ya koma sashen ɗaure burodi a leda. Watanni suka shuɗe, gwaji ya nuna an ɗan samu ci gaba, amma ba mai yawa ba. Aka gwada na siririn bututun har sau biyu, kowane karo sai ta ga al'adarta a ranar da ta saba, ta shiga banɗaki ta buɗe famfo don kada a ji kukanta, ta fito ta karɓi kofin Yaya Babba. Daga ƙarshe suka haɗa duk abin da suka daɗe suna tarawa suka shiga dashen ƙwai. Aka ba ta allurai a ƙananan kwalabe, aka ce a firij za su zauna, kuma kada ta kuskura ta tsallake ko da rana ɗaya, don su ne za su sa ƙwayaye da yawa su nuna a lokaci guda. Ta ƙunshe su a baƙar leda ta tura bayan gorunan ruwa. Kowace safiya sai ta kulle ƙofa, ta tsuke fatar cikinta ta soka wa kanta. Cikin ya yi tabo-tabo, ya kumbura, zaninta ya daina zama daidai, ga jiri, ga ciwon kai. A haka take zuwa ta yi wa 'ya'yan mutane waƙa da tafi. Da aka sake hoto likita ta yi murmushi ta ce ƙwayayen suna girma, saura kaɗan a ciro su.

Washegari da ta dawo daga makaranta da azahar ta tarar da tsakar gida cike da mutane: Inna a kan kujerarta, ƙannen mahaifin miji biyu, matan maƙwabta, har da masu jiran magani da suka leƙo daga shago. Mai Burodi yana tsaye a jikin bango da rigar aiki, da alama daga wurin aiki aka kira shi. Yaya Babba na tsakiya, baƙar ledar nan a hannunta.

"Ga ta nan ta iso! Ruwan sanyi na shiga nema, Allah Ya tona mata asiri. Ku duba! Allurar hana haihuwa ce take yi wa kanta a ɓoye! Shekara da shekaru ina ɗura mata magani, ashe tana bi tana kashe shi! Mu muna nan muna tausayinta, ashe ita ce ke kashe mana zuri'a!"

"Yaya, don girman Allah kar ki..." Malama ta yar da jaka ta yi kanta, amma ina! Yaya Babba ta zazzage kwalaben a kan siminti ta bi su da dutsen da ake tare ƙofa da shi, ɗaya bayan ɗaya. Ruwan ya gangara ya bi tsagar siminti, rana ta shanye shi nan take.

Malama ta durƙusa a gaban surukarta. "Inna, wallahi tallahi ba ta hana haihuwa ba ce. Ta neman haihuwa ce, a asibiti aka ba ni."

"To in ta nema ce, me ya kawo ɓoyo?" in ji Inna. "Me likitan ya ce yana damunki? Faɗa mana mu ji."

Ta ɗaga kai ta dubi mijinta. Magana ɗaya ce tak za ta wanke ta, kuma tana kan harshenta. Shi kuwa ƙasa yake kallo, yana murza gefen rigarsa da yatsu.

Inna ta juya gare shi. "Kai, da saninka aka yi wannan?"

"Inna, ni dai..." Ya haɗiye sauran.

Malama ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan gwiwarta, ba ta sake cewa komai ba. Aka ɗauki shirun nata a matsayin amsa laifi. Inna ta ce ta tattara kayanta ta je gida tukuna, sai an neme ta.

A hanya ta kira asibiti. Aka ce in ba a samo wasu alluran a ranar ba, aikin ya rushe. Ba su da halin sayen wasu, don haka ya rushe. Ta isa ɗakin Gwaggo da jaka ɗaya da kumburarren ciki wanda babu kowa a cikinsa. Ba a rufa mako ba maganar ta isa makaranta, don da yawa daga iyayen yaran masu sayen magani ne a shagon. Shugabar makarantar ta kira ta ofis, ta yi ta juya biro a hannu, ta ce iyaye sun ce hankalinsu bai kwanta su bar 'ya'yansu a hannun macen da ba ta son yara ba, ta ɗan huta a gida har ƙura ta lafa. Malama ta ce to, ta kwashe littattafanta. Wata 'yar ajinta ta riƙe mata mayafi tana ihu sai ta bi ta, da ƙyar aka ɓamɓare hannunta.

Gwaggo ta yi tambayar duniya. "Ke 'yar nan, ni na goya ki, na san ba za ki aikata ba. To mene ne kike ɓoyewa? Wa kike karewa?"

"Amana ce, Gwaggo. Ki yi min addu'a kawai."

Ta rame, ta yi duhu. Ta koma taya Gwaggo sa maɓalli da kalmasa. In ta idar da salla takan daɗe a kan darduma, hannu a sama, hawaye na zuba. "Ya Allah, Kai ne shaidata... Ban ci amanar kowa ba. Ka fitar da ni, ba don halina ba." Mai Burodi kuwa kullum sai ya kira, in ta ɗauka sai ya yi ta kuka yana ba ta haƙuri. Ran nan ta ce masa cikin sanyin murya, "Maigida, alkawarina yana nan, ba zan faɗa ba. Amma ba zan dawo gidan da ake kallona a matsayin mai kashe 'ya'ya ba. Abin da ya rage naka ne."

Wata uku ana haka. Wata ranar da la'asar suna zaune a bakin keken ɗinki sai suka ji sallama. Inna ce, ita kaɗai, tana dogara sanda, matar da ba ta taɓa taka gidan ba tun ranar ɗaurin aure. Malama ta tashi da sauri ta shimfiɗa mata tabarma, ta durƙusa za ta gaishe ta, sai tsohuwar ta kama hannunta ta fashe da kuka.

"'Yata, na zalunce ki! Na zalunci marainiyar Allah!"

Da ƙyar ta iya ba da labarin. 'Yar Yaya Babba, wadda aka aurar ba da daɗewa ba, uwar ta matsa lallai sai ta yi ciki da wuri don mutane su ga aikin maganinta, ta riƙa ɗura mata haɗin safe da yamma, har da ƙarin wasu ƙwayoyi da take dakawa a ciki. Ƙafafun yarinyar suka kumbura, fitsari ya ɗauke, aka kwashe ta ranga-ranga zuwa asibiti. Likitoci suka ce ƙoda ce ta taɓu, suka nemi a kawo abin da take sha. Da aka gwada shi, jami'an lafiya suka zo suka kwashe jarkokin, suka garƙame shagon, ashe akwai wasu matan biyu da suka kwanta da irin ciwon.

"Ina zaman jinya," in ji Inna, "sai na tuna da kwalin allurarki da na tsinta ranar nan na jefa a jaka. Na nuna wa wata nas. Ta ce, 'Baba, wa ke neman haihuwa a gidanku? Wannan ai ta dashen ƙwai ce.' Na samu yayar mijinki kafin hukuma ta tafi da ita, na ce ke da kike karanta kwalin magani, ba ki gane ba? Kin san abin da ta ce min? Wai ta gane sarai! Wai in aka ji matar ƙanenta ta haihu da allurar asibiti, wa zai ƙara sayen nata? Innalillahi... Ni na haifi wannan! Daga nan na tsare shi mijin naki, na ce ko ya faɗa min gaskiya ko in ɗaga masa nono. Ya faɗa min komai." Ta share ido. "Ki tashi mu tafi gida."

Gwaggo ta saki almakashi tana salati. Malama ta yi kuka mai isarta, sannan ta ɗago.

"Inna, na yafe miki duniya da lahira, ke uwa ce. Amma a gaban mutane aka ɓata ni. Ba ni zan wanke kaina ba, kuma ba ke ba ce. Shi nake jira."

Mai Burodi ya yi abin da take jira. Ya tara mutanen nan dai a tsakar gidan nan, har da waɗanda ba su halarci na farko ba, ya tsaya a tsakiya gumi na keto masa. Ya ce matarsa lafiyarta ƙalau, shi ne mai lalurar, aikin da aka yi masa ba na ƙaba ba ne, alluran kuma saboda shi take yi wa kanta, shi ya roƙe ta ta yi shiru, da aka taru a kanta kuma tsoro ya hana shi buɗe baki. Ba wanda ya yi dariya. Ɗaya daga cikin baffanninsa ma da aka watse ya ja shi gefe yana tambayarsa wane asibiti ne, wai wani abokinsa ne ke nema.

Yaya Babba ta yi zaman gidan yari na wasu watanni, aka kuma haramta mata sayar da kowane irin magani. Da ta fito ba ta iya zama a unguwar ba, don matan da suka sha haɗinta ba su bar ta ta sha iska a ƙofar gida ba. 'Yarta ta rayu, amma da doguwar jinya, kuma ta daɗe ba ta yarda uwar ta shigo ɗakin da take ba. Shugabar makaranta ta zo da kanta ta ba Malama haƙuri, yara suka tarbe ta da tsalle.

Ita da mijinta suka kama haya a wata unguwa. Sai da suka shekara suna tarin kuɗi, Inna da baffanni suka sa hannu, sannan aka sake dashen. Wannan karon shi yake yi mata allurar, tana yi masa tsiya wai mai ɗaure burodi ya zama likita. Aka ciro ƙwayaye, aka haɗa, aka mayar da ɗaya, aka adana sauran a sanyi. Bai kama ba. Suka yi kukansu su biyu, suka jira jikinta ya huta, aka mayar da wani. Ranar da likita ta juyo musu da allon na'ura ta nuna wani ɗan ɗigo yana harbawa, Malama ta shiga yin hamdala a hankali. Mai Burodi ne ya yi sujada a kan tayil ɗin asibiti.

Mace ta haifa, da hantsi, bayan doguwar naƙuda. Ɗakin masu jego ya cika da 'yan barka, Gwaggo da Inna suna ta jayayya a kan wadda jaririyar ta ɗebo. Can sai ga wata tsohuwar maƙwabciyarsu da ta yi tafiya ba ta san yadda aka ƙare ba. Ta leƙa fuskar jaririyar ta rangaɗa guɗa.

"Kai, masha Allah! Malama, ashe dai rabon na nan! Allah Ya yaye miki, kin warke!"

Malama ta yi murmushi ta sunkuyar da kai, za ta bar maganar ta wuce. Mai Burodi yana bakin taga yana zuba mata ruwan zafi a kofi. Ya ajiye fulas ɗin, ya juyo, ya ce da murya yadda har na gadon ƙarshe sai da suka ji:

"A'a, Baba. Ita dama lafiyarta ƙalau. Ni aka yi wa magani, ita ta sha wahalar."